Tambayoyi da Amsoshi Kan Gwajin Na'urorin Sauti, Daga Kaurin Amo Zuwa Siririnsa

An tanadi waɗannan amsoshi ne domin masu haɗa kayan sauti a wurin taro, da masu kula da lasifikar masallaci, da ma'aikatan situdiyo da gidajen rediyo, da kuma duk wanda yake shirin fitar da kuɗinsa ya sayi lasifika ko amfilifaya, yana son ya san abin da zai saya kafin ya biya.

Mene ne ake nufi da gwada na'ura a matakan sauti daban-daban?

Sauti kaɗawar iska ce. Idan aka bugi fatar ganga, fatar tana kai da komo, tana tura iskar da ke gabanta tana janyo ta, kuma yawan wannan kai da komo a cikin sakan ɗaya shi ne yake bambanta amo mai kauri da siririn amo. Ana ƙirga shi da ma'aunin Hertz, wanda ake taƙaitawa Hz, kuma sunan wani masanin kimiyya ne Bajamushe, Heinrich Hertz. Tambari yana kaɗawa a hankali, saboda haka amonsa yake da kauri, sarewa kuwa tana kaɗawa da sauri, shi ya sa muryarta take siririya. Lafiyayyen kunnen matashi yana ji daga wajen 20 Hz zuwa wajen 20,000 Hz.

Gwajin da ake magana a kansa shi ne a ba na'ura kowane mataki na wannan tsani da ƙarfi iri ɗaya, daga mafi kauri har mafi siriri, sannan a auna abin da ta fitar a kowane mataki. Ana zana sakamakon a matsayin layi: daga hagu zuwa dama ana hawa daga kauri zuwa siriri, daga ƙasa zuwa sama kuma ana nuna ƙarfin da ya fito. Na'urar da ba ta fifita wani mataki a kan wani ba za ta ba da layi miƙaƙƙe. Inda layin ya yi tudu, na'urar tana ƙara wa wannan wuri abin da ba a ba ta ba, inda ya yi kwari kuma tana cinye shi.

Mene ne desibel, kuma me ya sa ba a auna ƙarfin da wat kawai?

Desibel, wato dB, ma'aunin kwatanci ne tsakanin ƙarfi biyu, kuma ya samo sunansa daga Alexander Graham Bell. An zaɓe shi domin ya yi kusa da yadda kunne yake ji. Ninka wutar da ake ba lasifika sau biyu yana ƙara desibel 3 ne kacal, ƙarin da ake ji amma ba ya girgiza kowa. Kafin yawancin mutane su ce ƙarar ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wanda yake buƙatar wuta ninki goma. Saboda haka wanda ya sayar da amfilifaya mai wat 100 ya ƙara kuɗi ya sayi mai wat 200, yana tsammanin ƙara ninki biyu, bai samu abin da ya nema ba. A fili inda babu bango, duk sanda aka ninka nisa daga lasifika, ƙarar tana raguwa da kusan desibel 6.

A jikin kwalin lasifikar an rubuta 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Wannan bai isa shaida ba?

Bai isa ba, kuma wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci a wannan shafi. Lambobi biyu ba tare da na uku ba, ba su faɗi komai ba. Ƙaramar lasifika mai girman tafin hannu tana iya motsawa idan aka ba ta 20 Hz, amma abin da za ta fitar ya yi ƙasa da sauran sautin da desibel masu yawa, har babu kunnen da zai ji shi. Mai kamfanin bai yi ƙarya tsagwaronta ba, tun da na'urar ta motsa, amma bai faɗi gaskiyar da mai saye yake buƙata ba.

Rubutun da ake iya dogara da shi yana zuwa da iyakar karkacewa. Idan aka ce 55 Hz zuwa 18,000 Hz, da ƙari ko ragin desibel 3, an yi alkawari ke nan cewa a duk tsakanin waɗannan iyakoki layin bai hau ko sauka fiye da desibel 3 ba. Wannan lasifika, duk da lambobinta sun fi ƙanƙanta a ido, ta fi waccan mai manyan lambobi marasa sharaɗi daraja nesa ba kusa ba. Wasu kamfanoni suna ba da iyakarsu a inda sautin ya faɗi da desibel 10, domin lambar ƙasan ta yi kyau a takarda, kuma babu laifi a hakan muddin sun rubuta shi a fili, mai saye kuma ya kwatanta irin lamba da irinta.

Bayan iyakar karkacewa akwai sharuɗɗan gwajin: a wane nisa aka auna, da wane ƙarfi, a wane wuri, kuma ta wace fuska. Al'adar da aka saba ita ce a ba lasifikar bolt 2.83, wanda ya yi daidai da wat ɗaya a kan lasifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin tirjiyar da take yi wa wuta), a ajiye makirufon awo mita ɗaya a gabanta. Ƙarar da ta fito a wannan hali ita ce take nuna yadda lasifikar take mayar da wuta ƙara, kuma tana da amfani ƙwarai. Lasifikar da ta ba da desibel 96 tana buƙatar kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na wutar da mai desibel 90 take buƙata kafin su yi ƙara ɗaya, abin da mai aiki da janareta zai so ya sani. Lambar nan ta PMPO kuwa, wato ƙololuwar ƙarfin da ake iƙirarin na'ura tana kaiwa na ɗan lokaci, wadda ake bugawa da manyan baƙaƙe a ce wat dubu kaza, babu wata ƙa'ida da aka yarda da ita wajen auna ta, don haka ba ta cancanci a duba ta ba sam.

Ai kunne aka yi wa na'urar. Me ya sa ba za a saurara kawai a yanke hukunci ba?

Kunne shi ne alƙali na ƙarshe, amma yana da halaye da suke hana shi zama ma'auni. Na farko, ba ya jin kowane mataki daidai da ɗan'uwansa. Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell da ke Amurka sun wallafa sakamakon aikinsu a 1933, inda suka nuna cewa kunne ya fi saurin ji tsakanin wajen 2,000 da 5,000 Hz, kuma yana yin rauni a ɓangaren kauri, musamman idan ƙarar ta yi ƙasa. An sake wannan awo daga baya, aka shigar da shi cikin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 226. Ma'anarsa ga mai saye ita ce, lasifika ɗaya tana iya yi maka kamar ba ta da bes, wato kaurin sauti, idan an rage ƙara, ta kuma cika da bes idan an ƙara, alhali babu abin da ya canza a cikinta. Daga nan ne aka samu dabarar da wasu masu shago suke yi, sani ko rashin sani: wadda aka ɗan ƙara wa murya ita ce take fi daɗi a kunnen mai saye. Duk kwatancin da ba a daidaita ƙarar na'urorin biyu ba, ba kwatanci ba ne.

Na biyu, ji yana raguwa daga sama yayin da shekaru suke tafiya, kuma wanda ya daɗe yana tsayawa kusa da manyan lasifiku yakan rasa wani abu a wajen 4,000 Hz ba tare da ya lura ba. Irin wannan ma'aikaci yakan ɗaga siririn sauti har ya dame jama'a, domin shi a kunnensa daidai yake.

Na uku, ido yana rinjayar kunne. Floyd Toole, wanda ya yi bincike a Hukumar Bincike ta Ƙasa ta Kanada da ke Ottawa kafin ya koma kamfanin Harman, ya daɗe yana sa mutane su saurari lasifiku a bayan labule. Abin da ya fito shi ne, idan ba a ga suna da girma da farashi ba, yawancin masu sauraro suna zaɓar lasifikar da awonta ya fito miƙaƙƙe a gaba, ya kuma sauka a hankali ba tare da tudu da kwari ba a gefe. Wannan sakamako yana ƙarfafa gwiwa, domin ya nuna cewa awo da kunne ba abokan gaba ba ne idan aka yi wa kowannensu adalci.

Wane irin sauti ake ba na'urar yayin gwaji?

Iri uku ne suka fi yawa. Akwai tsantsar amo guda, galibi 1,000 Hz, wanda ake daidaita ƙarfi da shi. Akwai hayaniya mai kama da shuuu ɗin da rediyo yake yi tsakanin tashoshi, kuma wadda ta fi dacewa da wannan aiki ita ce wadda masu sana'ar suke kira mai ruwan hoda, domin tana raba ƙarfinta daidai a kowane ninki, wato abin da ke tsakanin 100 da 200 Hz daidai yake da abin da ke tsakanin 1,000 da 2,000 Hz. Tana da amfani idan ana son a riƙa ganin canji nan take yayin da ake juya maɓalli ko ake yawo da makirufo a cikin zaure.

Na uku, kuma mafi inganci, shi ne amo mai hawa, wanda yake farawa daga can ƙasa ya yi ta siriri har ya ɓace a sama cikin 'yan sakanni. Angelo Farina na Jami'ar Parma da ke Italiya ya bayyana a shekarar 2000 yadda hawan da yake ɗaukar lokaci ɗaya a kowane ninki yake ba da damar raba ainihin amsar na'ura daga gurɓacewar da ta ƙara, duk a gwaji guda. Yawancin manhajojin awo na yau da wannan hanya suke aiki.

Wajibi ne sautin gwajin ya fito kai tsaye daga manhajar ko daga fayil ɗin da ba a matse ba. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin saƙon murya, ko aka matse shi sosai zuwa MP3, ya riga ya rasa wani ɓangare na samansa, sai a ɗora wa lasifika laifin da ba nata ba.

Waɗanne kayan aiki ake buƙata, kuma wayar hannu za ta iya?

Manyan kamfanoni suna aiki da na'urorin Audio Precision na Amurka, da makirufon Brüel & Kjær na Denmak, da na'urorin Klippel na Jamus, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin ƙaramin mai sana'a. Abin farin ciki shi ne ba sai da su ba. Kwamfuta, da manhajar REW wadda kyauta ce, da makirufon awo irin UMIK-1 na kamfanin miniDSP da ake sokawa ta USB, sun isa a yi aiki mai ma'ana. Kowane irin wannan makirufo yana da fayil na gyara da ya dace da lambarsa, wanda yake gaya wa manhajar inda shi kansa makirufon yake karkacewa, kuma bai kamata a manta da shigar da shi ba.

Makirufon waƙa bai dace da awo ba. Shure SM58, alal misali, wanda ya shahara tun fitowarsa a 1966, an gina shi ne da gangan ya ɗaga wurin da murya take fitowa fili, ya kuma rage can ƙasa. Idan aka auna lasifika da shi, halinsa zai gauraya da nata.

Waya tana da amfani mai iyaka. Tana iya nuna a wane mataki lasifika take kuka, ko ta kwatanta kusurwa biyu na ɗaki ɗaya, amma makirufonta an tsara shi ne domin magana, kuma wayoyi da yawa suna yanke kaurin sauti suna kuma daidaita ƙara da kansu. Lambar da ta bayar ta isa jagora, ba ta isa hujja ba.

Yaya ake gudanar da gwajin lasifika?

Ana ɗora lasifikar a kan sanda ko tebur, nesa da bango gwargwadon hali, a sa makirufon mita ɗaya a gabanta, daidai tsayin ƙaramar lasifikar nan mai fitar da siririn sauti da ake kira tiwita. Ana mayar da duk maɓallan bes da na ikwalaiza, wato abin ɗaga ko rage kowane mataki na sauti, tsakiya, a kashe duk wani abin ƙawata sauti da ke cikin kwamfuta, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Sai a fara da ƙara madaidaiciya, a yi hawan sau biyu ko uku. Idan layukan suka hau kan juna, awon abin dogara ne, idan kuma suka saɓa, akwai hayaniya ko wani abu da yake motsi.

Daga nan kada a tsaya. A juya lasifikar digiri 15, a sake, sannan 30, 45 da 60, domin mafi yawan jama'ar da suke zaure ba su zauna daidai gabanta ba, kuma abin da take watsawa gefe shi ne yake bugun bango ya dawo kunne. Ƙa'idar CTA-2034 ta Amurka tana buƙatar awo 70 kewaye da lasifika ɗaya saboda wannan dalili. A rubuta nisa, da ƙarfi, da wuri, da ranar gwajin a jikin kowane fayil, domin layin da ba a san yadda aka same shi ba, ba a iya kwatanta shi da komai bayan wata uku.

Me ya sa sakamakon yake canzawa idan aka matsar da makirufo ko aka sake ɗaki?

Domin makirufon ba lasifikar kaɗai yake ji ba, yana jin ɗakin ma, kuma a ɓangaren kauri ɗakin yakan fi lasifikar tasiri. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya idan zafin iska yana digiri 20, ya ɗan ƙara sauri zuwa wajen 355 idan ya kai digiri 40. Tsawon zangon amo, wato nisan da sauti yake ci a kaɗawa ɗaya, kusan mita 17 ne ga mai 20 Hz, na 1,000 Hz kusan santimita 34, na 20,000 Hz kuwa bai kai santimita biyu ba. Idan rabin zangon wani amo ya yi daidai da tazarar bango biyu, sautin da ya tafi da wanda ya dawo suna haɗuwa su tsaya wuri ɗaya, su yi ƙarfi a wasu wurare su kashe juna a wasu.

Lissafin mai sauƙi ne: a raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗakin. Ɗaki mai tsawon mita 4 zai yi wannan hali a wajen 43 Hz, da 86, da 129, kuma faɗinsa da tsayin rufinsa suna da nasu. Mutum yana iya tabbatar da wannan da ƙafarsa. A kunna tsantsar amo mai 86 Hz a irin wannan ɗaki, a taka a hankali daga bango zuwa bango: a jikin bangon amon zai cika kai har ƙofar ƙarfe ta riƙa karkarwa, taku ɗaya gaba ya kusa ɓacewa kamar an kashe na'urar, a tsakiyar ɗakin kuma ya dawo da ƙarfinsa. Ɗakin siminti mai tayil, wanda babu labule ko darduma, ya fi nuna wannan.

Kamfanoni suna kauce wa matsalar da ɗaki na musamman da aka lulluɓe da soso mai tsini, wanda ba ya amsa kuwwa. Wanda ba shi da irinsa yana da hanyoyi uku. Ta farko ita ce a umarci manhajar ta saurari sautin da ya iso kai tsaye kawai, ta rufe kunnenta kafin wanda ya bugi ƙasa ya iso. Idan lasifika da makirufo suna tsayin mita ɗaya da rabi, tazarar mita ɗaya tsakaninsu, wanda ya bugi ƙasa yana makara da kusan kashi 6 cikin dubu na sakan, kuma wannan ɗan lokaci ya isa a ga gaskiyar lasifikar daga wajen 200 Hz zuwa sama, amma bai isa a ga abin da ke ƙasa da haka ba. Ta biyu ita ce a kai makirufon dab da fatar babbar lasifikar, kamar santimita ɗaya, domin auna kaurin kaɗai, hanyar da Don Keele ya bayyana a 1974. Ta uku ita ce a fita fili mai daɓen siminti, nesa da gini, a kwantar da makirufon a ƙasa. Wannan ta fi sauƙi ga mai babban fili, sai dai a zaɓi lokacin da iska ta kwanta kuma hayaniyar ababen hawa ta ragu. A lokacin hunturu, busasshiyar iska tana cinye siririn sauti fiye da iska mai laima idan nisan ya yi yawa, kuma ƙura ba ta yi wa makirufon awo kyau.

Dole a bambance tambayoyi biyu a nan. Mai son sanin halin lasifika ya cire ɗakin daga awonsa. Mai son sanin abin da jama'a za su ji kuwa ya bar ɗakin a ciki, ya auna a wurare da yawa inda ake zama, ya haɗa matsakaicinsu.

Yaya ake karanta layin da ya fito?

A fara duba ma'aunin gefe kafin a dubi layin. Idan an shimfiɗa desibel 100 a tsayin zanen, kowace lasifika za ta fito kamar miƙaƙƙiya. Tsayin desibel 50 ya fi nuna gaskiya. Sannan a duba yawan lallashin da aka yi wa layin, wato yadda manhaja ta baje ƙananan tudu da kwari: kashi ɗaya cikin uku na ninki yana ɓoye aibi da yawa, ɗaya cikin shida ko cikin goma sha biyu ya fi dacewa da bincike.

Tudu mai faɗi ya fi damun kunne fiye da rami mai zurfi amma siriri. Tudu tsakanin 200 da 400 Hz yakan sa murya ta fito kamar daga cikin tulu, tudu a wajen 3,000 Hz yana gajiyar da kunne, saukar layi da wuri a sama kuma yana dushe sautin. Idan aka ga rami mai zurfi daidai inda babbar lasifika take miƙa wa tiwita aiki, galibi an juya wayoyin ɗayansu ne, abin da yakan faru bayan an kai gyara.

Amfilifaya da miksa fa, su ma haka ake gwada su?

Nasu ya fi sauƙi, domin babu iska babu ɗaki. Ana fitar da sautin gwaji daga kwamfuta, ya bi ta cikin na'urar, ya dawo kwamfuta ta waya. Miksa ko amfilifaya mai lafiya bai kamata ta karkace da ya kai desibel ɗaya ba a duk tsakanin 20 da 20,000 Hz. Ga amfilifaya, ana sa babbar rezisto mai om 8 da take jure zafi a madadin lasifika, kuma ba a haɗa bakin fitarta kai tsaye da kwamfuta sai an rage ƙarfin, in ba haka ba kwamfutar za ta ƙone.

A nan ake ganin gurɓacewa, wato amon da na'ura ta ƙirƙiro da kanta: an ba ta 1,000 Hz, ta fito da 2,000 da 3,000 a kai. A nan kuma ake kama gurnanin wuta. A Nijeriya da Nijar da Gana wutar lantarki tana kaɗawa sau 50 a sakan, saboda haka tsini a 50, 100 da 150 Hz alama ce ta matsalar wuta ko ta wayar kariya da ake haɗawa da ƙasa, ba ta lasifika ba. Idan tsinin yana yawo sama da ƙasa kaɗan, janareta ne ba ya riƙe gudunsa.

Lasifikar masallaci mai bakin ƙaho ba ta da bes ko kaɗan. Wannan aibi ne?

Ba aibi ba ne idan magana ake so ta isa nesa. Wayar tarho ta gargajiya tana ɗaukar 300 zuwa 3,400 Hz ne kawai, amma mutane sun yi shekaru suna fahimtar juna da ita. Asalin muryar namiji yana ƙasa da 200 Hz, wayar ba ta ɗauke shi, duk da haka kunne yana gane hawa da saukar muryar daga sauran amon da ke samansa, shi ya sa karin sautin Hausa ba ya ɓacewa a waya. Abin da yake bambanta baƙi da baƙi, kamar s da sh da ts da f, yana can sama, daga wajen 2,000 Hz zuwa gaba. Ƙaho an gina shi ne ya tattara ƙarfinsa a tsakiyar tsanin ya jefa shi nesa da wuta kaɗan.

Matsalar da ta fi yawa tana cikin ginin. Idan aka cika masallaci mai tayil da rufi mai tsawo da manyan akwatuna masu bes, kaurin yana daɗewa yana yawo, ya rufe baƙaƙen kalmar da ke biye, sai a ji ƙara a kasa jin huɗuba. Akwai ma'auni na musamman ga fahimtar magana, STI, wanda aka samar a Holan, yana tafiya daga 0 zuwa 1, kuma daga 0.6 zuwa sama ake ɗauka mai kyau. Ƙananan lasifiku da yawa kusa da sahu, masu fuskantar mutane maimakon bango, da ƙara madaidaiciya, sun fi manya biyu a gaba ba da sakamako a irin wannan gini.

Makirufo da hedifon fa?

Ana gwada makirufo ta hanyar kwatanta shi da makirufon awo a wuri ɗaya gaban lasifika ɗaya, a cire wannan layi daga wancan. A kula da nisa, domin makirufo mai fuska ɗaya yana ƙara kauri idan baki ya matso. Hedifon kuwa sai da kunnen roba na musamman mai kwaikwayon ramin kunne, kuma layinsa bai kamata ya miƙe ba, domin kunnen mutum da kansa yana ɗaga wajen 3,000 Hz. Ko ɗan gibi tsakanin soson da kai yana zubar da bes.

Ikwalaiza za ta iya gyara duk abin da awo ya nuna?

Tana iya rage tudu, kuma a nan ta fi amfani, musamman tudun da ɗaki ya haifar a ƙasa, da matakin da lasifika take fara kuka idan makirufo ya matso. Ba ta iya cike ramin da ya samu saboda sauti biyu suna kashe juna, domin duk abin da aka ƙara wa ɗaya an ƙara wa ɗayan, sai dai a matsar da lasifikar ko wurin zama. Ba ta kuma iya sa ƙaramar lasifika ta fitar da abin da jikinta ba zai iya ba. Ɗaga wani mataki da desibel 6 yana neman wuta ninki huɗu a wannan mataki, kuma da haka ake ƙona kaya.

Akwai hatsari a cikin gwajin?

Akwai, ga na'ura da kuma kunne. Tsantsar amo mai ɗorewa ta fi waƙa zafafa tiwita, don haka kada a bar ta da ƙarfi na tsawon lokaci. Kada a fara hawan daga 20 Hz a kan tiwita tsirara ko lasifika mai ƙaho: a duba iyakar ƙasa da kamfanin ya rubuta, a fara daga samanta. Idan aka ji karkarwa ko karce, a tsaya a duba, domin sau da yawa dunƙulen wayar da ke cikin lasifikar ne ya fara gogar maganaɗisu, ko ƙusa ta saki a jikin akwatin.

Game da kunne, hukumar NIOSH ta Amurka ta ba da shawarar kada a wuce awa 8 a desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: awa 4 a 88, awa ɗaya a 94, minti 15 a 100. Awon layi ba ya buƙatar irin wannan ƙara, desibel 75 zuwa 80 a wurin makirufo sun isa a wuri mai shiru. Idan gwajin na iyakar ƙarfin lasifika ne, a toshe kunne da abin toshewa na gaske, a kuma fitar da yara da duk wanda ba shi da aiki a wurin kafin a kunna.